Amsa kan duba tsatsa kafin sayen tsohuwar mota

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ɗan'uwa, na saurari saƙonka, na kuma ga hotunan Mercedes W123 da ka turo, inda kake tambaya ko akwai sauran abin dubawa tunda injin yana tashi da bugu ɗaya kuma fentin yana sheƙi. Abin da na fahimta shi ne zuciyarka ta riga ta kwanta da motar, kana neman wanda zai ce maka ka biya ne kawai. Ni dai ba zan faɗi haka ba sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka gani da idonka, domin an ƙera wannan samfurin ne tsakanin 1976 da 1986, ka ga ko autarsu ta kai shekara arba'in ko tana dab da haka, kuma a motar da ta kai wannan shekaru inji shi ne ƙaramin abin damuwa. Idan inji ya lalace ana sauke shi a gyara ko a sa wani, amma tsatsar da ta shiga ƙashin mota sai an yanke ƙarfe an yi walda, kuma mai walda da kansa ba zai iya gaya maka inda aikin zai tsaya ba sai ya fara yanka.

Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri, shi ya sa tambayarka ta farko ga mai motar ita ce inda ta yi rayuwarta, ko a bakin teku, ko a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yawancinta daga ciki take farawa, a cikin kwaroron ƙarfe inda laima ke kwana ba ta bushewa. Idan ka ga ɗan kumburi kamar ƙuraje a ƙarƙashin fenti, to ta riga ta huda ƙarfen daga baya, abin da ya fito maka ƙarshen aikinta ne.

A wannan Mercedes ɗin, ka fara da wuraren da ake sa jak, guda huɗu ne a gefen mota ƙasan ƙofofi, ka haska tocila ka danna kewayensu da babban yatsa. Ka buɗe bonet ka sa a ɗaga batir ka ga mazauninsa, domin ruwan batir yana cin ƙarfen wurin har ya ratsa zuwa bangon da ya raba inji da cikin mota. Ka ɗaga kafet na gaba da na baya ka taɓa da hannu, idan da danshi ko warin ruma to ruwa yana shiga ta wani wuri, galibi ta robar gilashin gaba ko ta magudanan ruwa da suka toshe da ganye da ƙasa. Sannan ka fitar da tayar ajiya daga but ka duba ramin, ka shafa leɓen bodin da ke saman tayoyin baya ta ciki, ka kuma duba ƙananan hujojin da ke ƙasan kowace ƙofa ko a buɗe suke. Wannan samfurin ba shi da shasi daban wanda aka ɗora bodi a kai, jikin motar shi ne ƙashinta, saboda haka ruɓewar ƙasan ƙofa ko ta wurin da shokazoba ya kama magana ce ta rai.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni da wata Volkswagen Beetle, domin har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Mai ita ya nuna mini ita da yamma rana ta kusa faɗuwa, an wanke ta ruwa bai gama bushewa ba, ƙasanta kuma an shafe shi da sabon baƙin kwalta mai kauri, ya ce don kariya ya yi. Na yarda na biya. Bayan kwanaki na ɗaga kujerar baya don in duba batir, domin a Beetle a nan yake zama, sai na hango wani rami a ƙasan motar da aka rufe da guntun kwano aka shafa kwalta a kai. Da muka kai ta wurin fanel bita ya sa sukundireba a kwaroron da ke bin ƙasan ƙofa, wanda shi ne ke kai iska mai ɗumi daga inji zuwa gaba kuma ta nan ake ɗaure bodi da ƙasan mota, sai sukundireban ya shige kamar a cikin busasshen ganye, jan gari yana zubowa. Sai da aka ɗage bodin gaba ɗaya kafin a iya sauya wannan kwaroron. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin ya sani, domin wanda bai sani ba ba ya yanka kwano daidai faɗin rami, kuma ya tsaya yana kallona ina yaba fentin bai ce uffan ba. Tun daga ranar, duk motar da na ga sabon kwalta a ƙasanta alhali sauran jikinta tsoho ne, ina tambayar abin da aka rufe, kuma ina neman hotunan aikin kafin a shafa.

Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi ƙasan ƙofofi da saman tayoyi da shi. Inda ya kama da ƙarfi akwai ƙarfe a kusa, inda ya zame ko ya yi sako-sako to an cika wurin da bodi fila, wato ƙullun da fanel bita ke cike rami ko lotsawa da shi kafin fenti. Amma bari in gyara maganata, kada wani a zauren nan ya ɗauke ta ya je ya zargi mutum a banza, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko faiba. Tsohuwar Land Rover, alal misali, yawancin bodinta alminiyam ne, ita kuma shasinta na ƙarfe ake dubawa, musamman gindin baya, sai kuma wurin ajiye ƙafa a gaba, wanda shi ma na ƙarfe ne. A Mercedes ɗinka dai gwajin zai yi aiki. Idan ka samu aron na'urar auna kaurin fenti ya fi, domin fentin kamfani yakan tsaya wajen maikiron 100 zuwa 200 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya), idan ka ga ta haura 1000 to fila ce a wurin.

Na so in yi magana kan bututun birki da tankin mai, su ma suna tsatsa, amma makanikenka zai gan su da zarar an ɗaga motar, bari in bar wannan. Ka dai je da rana tsaka, motar a bushe, ka nemi izinin a hau da ita kan rami ko a ɗaga ta, kuma yayin da take kan jak ka buɗe ƙofofin ka rufe ka ga ko suna shiga daidai, domin jikin da ya ruɓe yakan ɗan lanƙwashe idan an ɗaga shi. Idan mai motar ya hana a ɗaga kafet ko a shiga ƙarƙashi, ka yi masa sallama ka tafi. Idan ya yarda, ka ɗauko hoton wuraren jak huɗun nan da mazaunin batir da ramin tayar ajiya ka turo mana nan kafin ka ba da ko kafin alƙalami.