Girman jiki a damben ajin masu nauyi: da Ali zai iya da su Fury kuwa?

Ƙanena, ka tambaya ko ’yan damben da, irin su Muhammad Ali, za su iya tsayawa gaban ƙattin yanzu irin su Tyson Fury da Anthony Joshua, tunda na yanzu sun fi su tsawo da nauyi. Na ga wasu sun ba ka amsa da "girma ba komai ba ne". Wanda ya faɗi haka ba a taɓa jingina masa ƙato ba.

Ni na yi damben gargajiya ina saurayi a nan Katsina, lokacin kaka, daga baya na ɗan taɓa damben zamani na safar hannu. A na gargajiya ba ruwan kowa da sikeli, in ka yarda da mutum sai ku shiga fili. Kuma ƙarami yana kashe babba, na gani ba sau ɗaya ba, domin hannu ɗaya ne ɗaure, turmi uku ne, naushi ɗaya mai kyau ya gama magana. Da wannan tunanin na shiga damben zamani, aka haɗa ni atisaye da wani mahauci da ya ba ni wajen kilo 15. Turmin farko na yi ta zagaya shi ina jin daɗina. A na biyu ya gane ni. Duk sanda na matso sai ya rungume ni ya sakar mini nauyinsa a wuya. Kafin turmi na huɗu ƙafafuna sun zama kamar na mai ɗauke da buhun gero daga kasuwa, hannuna ya ƙi tashi ya kare fuskata. Bai yi mini wani naushin kirki ba, nauyinsa kawai ya cinye ni. Ranar na san ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To abin da Fury ya yi wa Deontay Wilder ke nan a karawarsu ta biyu a 2020. Fury ya zo da kusan kilo 124, Wilder 105. Ya tura shi baya, ya kwanta masa, ya hana wannan hannun daman da ake tsoro samun wurin miƙewa, har aka tsayar da wasan a turmi na bakwai. Saboda haka nauyi makami ne, kada wani ya ruɗe ka.

Amma ƙatti ba yau aka fara su ba. A 1919 Jess Willard yana da kusan kilo 111, tsawonsa ya kusa mita biyu, Jack Dempsey mai kilo 85 ya kai shi ƙasa sau bakwai a turmin farko kaɗai. A 1935 Joe Louis, bai cika kilo 90 ba, ya gama da Primo Carnera ɗan Italiya mai kusan kilo 118 a turmi na shida. Ƙattin wancan zamani yawancinsu girman ne ya kawo su fili, ba iyawa ba. Ƙafarsu a mace take, naushinsu ana ganinsa tun daga nesa. Shi ya sa mutum kamar Rocky Marciano, mai kilo 84 zuwa 85, ya yi wasa 49 ba a taɓa cin sa ba. A yau ma ba za a kira shi ɗan ajin masu nauyi ba, domin tun 1979 aka ƙirƙiro aji na ƙasa da shi don irinsu, wanda iyakarsa yanzu ta ɗan haura kilo 90.

Abin da ya sauya, a ganina, shi ne daga zamanin Riddick Bowe da Lennox Lewis ƙatti suka koyi dambe. Dogon mutum ya gane cewa ba dole ya shiga musayar naushi ba. Ya tsaya nesa ya riƙa zungurar ka da hannun hagu, in ka kutso ya rungume ka, alƙalin wasa ya raba ku, a sake daga farko. Haka Lewis mai kilo 113 ya yi wa Mike Tyson a 2002, duk da dai Tyson ɗin ya riga ya tsufa a dambe, ba wanda ya ci kambu yana shekara 20 a 1986 ba ne. Sannan an rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12 a shekarun 1980, wannan ma rangwame ne ga mai babban jiki, don turmi ukun ƙarshen nan su ne suke tona asirin huhu.

Wasan da ya fi koya mini bambancin tsawo da nauyi shi ne na ɗan ƙasarmu Samuel Peter da Wladimir Klitschko a 2005. A sikeli kusan ɗaya suke, wajen kilo 110 kowannensu. Peter ya kai shi ƙasa har sau uku, mu da muke goyon bayansa muka ce an gama. Amma Klitschko ya fi shi tsawo, sauran turmin duk ya kwashe su da zungura da runguma, alƙalai suka ba shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai kuma nauyin da yake kaya ne kawai. Andy Ruiz ya doke Joshua a watan Yunin 2019 yana kusan kilo 122. Da aka sake karawa a Saudiyya a Disamba ya ƙaro wajen kilo bakwai na cin daɗi, Joshua kuwa ya rage nasa. Ruiz ya kwana yana bin sa a fili bai kama shi ba. David Haye ma a 2009 ya ci Nikolai Valuev ɗan Rasha, wanda ya haura mita biyu, ya kuma ba Haye kusan kilo 45, wato kaɗan ya rage buhun siminti guda.

Yanzu ga tambayarka kai tsaye. Ali tsawonsa santimita 191, ranar da ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974 yana da kusan kilo 98. Ka duba Oleksandr Usyk ɗan Yukren: tsawonsu ɗaya da Ali, tsawon hannu ma haka, nauyi bambancin kilo uku ko huɗu ne. Wannan mutumin ya ci Joshua sau biyu, a 2021 da 2022, ya ci Fury sau biyu a Riyad a 2024. A na farkon Fury ya ba shi kusan kilo 18, amma a turmi na tara igiyar fili ce ta tallafe Fury. Usyk ba ya tsayawa inda za a jingina masa, yana sa ƙato ya yi ta juyawa yana neman sa, kuma kowane juyi mai kilo 119 yake biya da numfashi. Ali na kafin 1967 ƙafa ce sana'arsa, ga haɓar da daga baya ta sha naushin Foreman da Joe Frazier. Ni ban ga dalilin da zai hana shi ba.

Marciano da Dempsey ne nake shakka a kansu. Kilo 85 gaban mai kilo 120 da ya iya zungura, hannun ma ba zai kai ba. Joe Louis kuwa na bar muku ku yi musunku, ni dai kuɗina yana kansa, ko don marigayi kakana da ba ya yarda a ambaci wani ɗan dambe a gabansa in ba shi ba.