Aikawa da karɓa a mita ɗaya

Malam, ka tambaya ko layinku na tauraron ɗan Adam tsakanin Garwa da Injamena zai iya aikawa da karɓa a mita ɗaya ta rediyo (frequency), don kuɗin hayar tauraron ya ragu. Zai iya. Kowace tasha ta san abin da ta aika. Idan ya dawo daga tauraron, wanda ke kilomita 35,786 sama da ƙasa, a cakuɗe da na ɗaya ɓangaren, sai modam, na'urar da ke sarrafa saƙon a tashar, ta cire nata, na abokin ya rage. Kamfanin ViaSat na kiran dabarar PCMA. Faɗin mitar da kuke haya (bandwidth) kan ragu har kusan rabi.

Amma fa dole kowace tasha ta ji saƙonta yana dawowa, wato garuruwan biyu su kasance cikin yanki ɗaya da tauraron ke watsa wa saƙo. Ƙarfin wutar da kuke ci a tauraron kuwa ba ya raguwa, to ka fara tambayar yadda ake muku lissafi: da faɗin mita ne ko da ƙarfin wuta.