Ko Frozen ya dace da yarinya 'yar shekara shida?

Kin tambaya ko Frozen, katun ɗin Disney na 2013, ya dace da 'yarki mai shekara shida. Ya dace, amma ki zauna kusa da ita a kallon farko. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaunar 'yan uwa ce ta warware labarin: Anna ta tare wa yayarta Elsa takobi da jikinta.

Ƙorafina a kan Hans yake, yariman da ke neman auren Anna. An nuna shi mutumin kirki har kusan ƙarshe, kwatsam ya rikiɗe mugu, babu alamar da yaro zai gane tun da wuri. Tawa 'yar kwana biyu ta yi tana tambayata ko duk mai fara'a maƙaryaci ne. Iyayen Anna da Elsa kuma sun mutu a jirgin ruwa tun farkon fim ɗin, ki tanadi amsar wannan ma.