Amsar Malam kan mujallar da ta ce makinta 7

Salamu alaikum. To ƙanena na ji saƙonka, wai wata mujalla ta turo maka imel ta ce imfak faktanta, wato makin da ke nuna yawan ambaton maƙalunta, 7 ne, ka biya kuɗi su buga maka cikin sati biyu. Ai na gane, dosiyen (takardun neman) ƙarin girma ne ya hana ka barci shi ya sa kake wannan tambaya. Kar ka tura musu ko dala.

Lambar nan wuri ɗaya take fitowa, kamfanin Clarivate ke fitar da ita sau ɗaya a shekara cikin Journal Citation Reports, in ba ka ga mujallar a can ba to su suka yanka wa kansu. Lissafin kuma ba wani abu ba ne, a ɗauki maƙalun da mujalla ta buga a 2022 da 2023, a ƙirga sau nawa aka ambace su a 2024, a raba da yawan maƙalun. Na Scopus, wani kundin mujallu na daban, shekara huɗu ne, CiteScore suke ce masa, wannan daban, kar ka haɗa su. Shi kansa Eugene Garfield da ya fito da abin don zaɓen mujallun da za su shiga kundinsa ya yi shi, bai yi don a auna malamin Maroua ba.

Kuma shekara biyun nan ce ke ƙona min rai wallahi. Masu binciken magani a Amurka yau ka buga gobe an ambace ka, mu fa? Aikina na masakwa, dawar rani da ake dasawa, da Faransanci na rubuta, ɗalibai daga Ngaoundéré har N'Djamena suna sa shi a tez ɗinsu, wato kundin digiri, har yau, amma tez ba ya cikin abin da ake ƙirgawa, mujallar ma ba ta cikin Web of Science, kundin Clarivate da ake ƙirgar a cikinsa, sai wani mai duba dosiye ya ce min wai ba ta da maki. Bai ko buɗe maƙalar ba! Mutumin da bai taɓa taka karal, ƙasar laka da ake dasa masakwa, da rani ba, bai san yadda ake dashen ba. Tun 2012 masana suka taru a San Francisco suka tsara sanarwar DORA, aka fitar da ita a 2013, suka ce a daina auna mutum da makin mujalla, a karanta aikinsa, amma mu nan... bari dai in bar wannan, raina zai ɓaci.

Ka turo min sunan mujallar in duba maka bayan la'asar. Ka kuma leƙa AJOL, shafin intanet na mujallun Afirka, akwai namu na Afirka masu edita na gaske da za su ba mutane su karanta aikinka kafin a buga, sai dai ka yi haƙuri, za su ɗau watanni.