Mantuwar Baba bayan shanyewar ɓarin jiki

Ɗan'uwa, ka ce tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki yake manta sunayen jikokinsa, kana tambaya ko gigin tsufa ne kawai. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ba zan ce tsufa ne kawai ba.

Likitan ƙwaƙwalwa Vladimir Hachinski na Kanada ya bayyana tun 1974 cewa toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, irin wadda ke jawo shanyewar ɓarin jiki, idan ta faru sau da yawa a jere, tana kashe ɓangarorinta kaɗan-kaɗan har tunani ya raunana. Wani lokacin ma ƙaramar toshewa takan wuce ba wanda ya lura. A 2009 kuma Sarah Pendlebury da Peter Rothwell na Jami'ar Oxford suka haɗa bincike masu yawa: kusan mutum 1 cikin 10 yana kamuwa da cutar mantuwa bayan shanyewar ɓarin jiki ta farko, amma idan ta maimaitu, sai adadin ya haura 1 cikin 3.

Wannan adadi na biyun ne ya fi damuna. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a duba hawan jini da sukari. Kada ya bar maganinsa don ya ji sauƙi.