Tsakuwar giranit ko ta dutsen yashi: wacce za a zuba a dakin?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce mai tifa ya kawo maka tsakuwa iri biyu a filinka na Rigasa, ɗaya mai ƙyalƙyali, ɗaya ja-ja mai araha, kana tambayar bambancinsu da wadda ta dace da dakin, wato rufin kankare.

Bambancin daga asali yake. Mai ƙyalƙyalin nan giranit ce. Narkakken dutse ne da ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyinsa suka sarƙe da juna ba su bar kafa ba. Ɗaga guda ka duba a rana: za ka ga ƙwaya mai kama da gilas, da fara ko ruwan hoda, da baƙaƙen ɗigo masu walƙiya, duk a cakuɗe ba layi. Irinsa ne dutsen Kufena na Zariya, kuma shekarunsa sun haura miliyan 500. Ja-jan kuwa yana iya zama dutsen yashi. Shi dutsen yashi, yashi ne da laka da ruwa ya kwaso ya shimfiɗa, wani kan wani, nauyi ya danne su har suka daskare. Shi ya sa ake ganin layi-layi a jikinsa, kuma in ka murza da babban yatsa yashi na zubowa. Irinsa ya fi yawa wajen Bida da Sakkwato. Ɗan'uwansa ne dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake siminti da shi.

Ka lura, ja-jan da ake samu a nan Kaduna sau da yawa marmara ce, wato ɓawon da ke taruwa a sama bayan dutse ya ruɓe. Hukuncinta da na dutsen yashi dai kusan ɗaya ne.

Kada ka tsaya ga ido, ka gwada. Auna busasshiyar tsakuwa kilo 1, jiƙa ta awa 24, goge da tsumma, sake aunawa. Giranit mai kyau ba ya ƙara giram 10. In ƙarin ya wuce giram 20 zuwa 30, wallahi kada ta hau dakin ɗinka. Sannan karta da wuƙa: ba ta cin giranit. Wanda wuƙa ta ci, kuma ya yi kumfa da ka ɗiga masa ruwan asid, farar ƙasa ce.

Illar tsakuwa mai shan ruwa biyu ce. Tana shanye ruwan kwaɓi, sai lebura ya ƙara ruwa don aikin ya yi sauƙi, kankaren ya fito ba ƙarfi. Bayan nan duk damina laima na ratsawa ta isa ga rodi, ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. In ka ga silin yana ɓarewa rodi a waje, yawanci hanyar ke nan.

Don haka dakin da fila da linta, giranit mai girman milimita 20, kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. In ta zo da ƙura a wanke ta, domin ƙura na hana siminti kamawa. Ja-jan kuma ba asara ba ce, a yi cikon ɗaki da ita kafin a zuba daɓe.

Wajen neman ruwa ne lamarin ke juyawa. Kafofin nan na dutsen yashi su ke riƙe ruwa, giranit kuwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. In za ka haƙa rijiyar burtsatse a filin, a fara binciken ƙasa da na'ura kafin injin ya shigo, domin maƙwabcinka na iya dacewa da tsaga, kai ka faɗa kan falalen dutse.