Zauren Sadarwa: Mene ne MEC, kuma zai hana taransfa maƙalewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, da yamma kuma ina zama a shagon POS na yayana. Malaminmu ya ambaci wani abu wai shi MEC, ya ce da shi ne 5G za ta yi saurin da ake zuzutawa, sai lokaci ya ƙare bai yi bayani ba. Mene ne shi, wa ke kula da shi? In ya iso Gombe, taransfa za ta daina maƙalewa? Wallahi wani lokacin mutum biyar ne tsaye a kaina ana jiran alat.
Daga wani ɗalibi, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka.

Idan za a yi tuwo a gidanku, ba a ɗaukar masara a kai Kano niƙa. Yaro ake aika wa injin bayan layi, kafin ruwa ya tafasa ya dawo da gari. To a harkar waya har yanzu Kano muke kai niƙa, kai har gaba da Kano. Duk abin da ka latsa, saƙon zai tashi daga wayarka zuwa ƙarfen sabis na unguwarku, ya shiga wayar fayiba mai kai saƙo ta hanyar haske, ya bi ta cibiyar kamfanin, ya isa wata babbar kwamfuta a Legas ko Turai, can a yi aikin, sannan amsa ta kamo hanyar dawowa.

Ga lissafin da nake so ka riƙe. Haske a cikin fayiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Wato duk kilomita 1,000 na cin milisakan 5, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Gombe zuwa Legas ta haura kilomita 1,000, zuwa da dawowa an ci milisakan 10 ke nan tun ba a tsaya ko'ina ba. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, ka ƙara milisakan 70. A hanya kuma kowace na'ura sai ta tsayar da saƙon ta duba inda za shi. Ba kuɗin da zai sa haske ya ƙara gudu. Abin da ya rage kawai shi ne a rage nisan.

Wannan rage nisan shi ne MEC, wato Multi-access Edge Computing a Turance: a kawo kwamfutar da ke yin aikin cikin netwok ɗin kamfanin waya, kusa da mai wayar. Hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ita ta kafa kwamitin aikin a 2014. Da farko wayar hannu kaɗai aka nufa, ana ce masa Mobile Edge Computing, a 2017 aka faɗaɗa sunan don ya haɗa da Wi-Fi da intanet ɗin da ake ja wa gidaje da waya.

Ɗalibai da yawa suna zaton a gindin kowane ƙarfen sabis za a dasa kwamfuta. Ana iya yi, amma tsadarsa ba ta misaltuwa. Abin da ya fi dacewa da gari irin Gombe shi ne ɗaki ɗaya a inda wayoyin turakun sabis masu yawa suke haɗuwa. A ɗakin akwai kwamfutocin kansu. A kansu akwai manhajar da ke yanka kwamfuta guda ta zama kamar ƙanana da yawa, yadda ake raba babban shago gida-gida a ba 'yan haya. A saman wannan sai dandalin MEC, wanda ke gaya wa manhajojin haya abin da su kaɗai ba za su sani ba: ƙarfin sabis a wannan lokacin, yankin da wayar take, da yawan cunkoso. A tsarin 5G kuma akwai mai raba hanya da ake kira UPF, shi ke duba saƙo ya ce wannan na nan gida ne, wancan ya wuce Legas.

Can sama akwai mai tsara duka, kamar shugaban tasha da ke faɗin motar da za ta yi lodi. Shi ya san ɗakin da ke da sarari da wanda ya cika, shi ke yanke inda za a tayar da manhaja da lokacin da za a kashe ta. Aikinsa mafi wuya shi ne matafiyi. Ka taso daga Gombe za ka Bauchi kana tsakiyar aiki a waya, kafin ka wuce Alkaleri ɗakin Bauchi ya fi kusa da kai. Dole a kwashe aikin naka da duk inda ka tsaya a miƙa wa ɗakin Bauchi ba tare da ka ji ko ɗar ba.

Ka tambayi wa ke kula da shi, nan ne zuciyata take. Na yi shekaru ina zagaya turakun sabis tsakanin Gombe da Bajoga. Akwai ranar da aka kira ni cikin watan Afrilu da tsakar rana, wani turke ya mutu. Da na buɗe ƙofar ɗakin na'urori, zafin da ya bugi fuskata kamar na tanderun burodi. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, matatar iskarta ta toshe da ƙurar hunturun da ba wanda ya share, na sa yatsa na kankaro ta kamar garin kuka. Na'urorin sun kashe kansu don kada su ƙone. A bayan ɗakin kuma ɓarayi sun ɗauke batura biyu, sai guntayen waya a ƙasa. Mai gadin, wani dattijo, yana ta rantsuwa hawaye na zuba, ni kuwa na san ba laifinsa ba ne, mutum ɗaya da tocila ba zai tare masu makami ba.

Waɗancan fa na'urorin rediyo ne da aka ƙera don jure wahala. Kwamfutocin MEC sun fi su cin wuta, sun fi su fitar da zafi, kuma a cikinsu akwai bayanan mutane. Babbar cibiya guda a Legas tana da injiniyoyi dare da rana. Ka watsa ta ta koma ƙananan ɗakuna ɗari, kowanne yana buƙatar dizal, sola, sanyi, gadi, da sabunta manhaja daga nesa, kowanne kuma ƙofa ce da ɓarawon intanet zai gwada. Ga masu aikin titi da ke tsinke fayiba da katafila. Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024, na yi murna da haka ƙwarai, domin ba tare da wannan kariya ba babu kamfanin da zai ajiye kwamfuta mai tsada a garuruwanmu.

Batun taransfa, ba zan yi maka zaƙin baki ba: MEC ba zai warware ta ba. Kuɗin da ka tura dole ya bi ta kwamfutar bankin mai turawa, ya ratsa ta NIBSS da ke haɗa bankuna, ya isa bankin mai karɓa. Littafin asusun yana can, ba za a kawo shi Jekadafari ba. In ɗaya daga cikinsu ya cushe, ko sabis ɗinka ya cika sanda huɗu sai ka jira. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, turakunmu lafiya lau suke amma harkar bankuna ta rikice.

Inda zai yi amfani shi ne aikin da ba ya jira, ko mai nauyin da kai shi nesa asara ne. Masana'anta irin ta siminti a Ashaka, kyamara ta hango matsala a injin a tsayar da shi nan take. Asibiti, a duba hoton ƙirji a cikin gari maimakon tura shi ƙetare. Darasin bidiyo da ɗalibai dubu ke kallo, a jawo shi sau ɗaya. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G a Disamba 2021, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, MTN ta fara aiki a 2022, Airtel a 2023. Manyan birane aka fara da su, kuma MEC zai bi inda masu biyan haya suke ne.

Kai dai ka riƙe manhajar Linux da kyau, ka koyi manhajojin Docker da Kubernetes a tsohuwar laftof, domin da irinsu ake tafiyar da waɗannan ɗakuna. In lokacin zuwa aikin koyon sana'a ya yi, ka nemi masu zagaya turaku ka bi su ko da wata ɗaya ne.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Yarana sun dame ni wai in sayi waya mai 5G. Ni kiran bidiyo da 'yata da ke aure a Kaduna kawai nake yi. Dole ne?
Daga wata uwa, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Hajiya barka kadai, ba dole ba ne. Kiran bidiyo 4G ta ishe shi. Waya mai 5G a unguwar da sabis ɗin bai kai ba, 4G ɗin za ta koma ta kama. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya tambaya a ofishin kamfanin layinki ko 5G ta iso unguwarku. In kiran yana yankewa, ki gwada fitowa tsakar gida, bango da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. A gaida 'yar tamu ta Kaduna.